Lambar da Na Karanta Sau Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe min sauran abin da na sani, da ƙarar robar nan ta abin awon hawan jini. Fus, fus, fus. Sai shiru. Sai wata siririyar iska tana fita a hankali kamar an huda tayar keke. Wannan ƙarar ce ta fita a rediyo, kai tsaye, a cikin shirina, ta shiga Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, ta tsallaka iyaka ta sauka a ƙauyukan Nijar. Ni kuwa ina durƙushe da makirfo a hannu, ni da aka horar da ni shekara da shekaru kada in bar shiru ya wuce daƙiƙa uku.

Bari in koma farko, don ku san yadda mace mai hankalinta ta kai kanta nan.

Ni ma'aikaciyar wani ƙaramin gidan rediyo ce da ke yi wa yankinmu hidima. Kowace Laraba da la'asar ina gabatar da shirin lafiya. Ban karanta aikin likita ba, ban taɓa yi wa kowa allura ba, ko jini na gani kawar da kai nake yi. Abin da nake da shi murya ce. Tsofaffin ma'aikata da na tarar sun koya min inda ake jan numfashi, da yadda ake sauke jimla ta zauna daram, da yadda ake furta doguwar kalma ba tare da an ji wahalarta ba. Sun kuma koya min abubuwa biyu da na riƙe kamar karatun sallah: shiru laifi ne, kuma labari yana cikin sakin layi na farko, sauran duk ƙarin bayani ne.

A wancan lokacin rabin rayuwata a mafarki nake yin ta, ido biyu. In na bi ta gefen dam da safe a bayan mai babur, sai in riƙa ganin muryata kamar wani farin tsuntsu, ta tashi daga saman ruwan, ta bi ta kan duwatsu, ta sauka a rediyon da wani manomi ya rataye a reshen bishiya, ta leƙa ta tagar wata mata da ke tankaɗe, ta bi wani makiyayi da rediyonsa a kafaɗa har cikin daji. Daga nan mafarkin ya kan ɗauke ni ya kai ni wani babban gidan rediyo a wata ƙasa mai sanyi, ina sanye da rigar sanyi, ina cewa “To, jama'a” duniya tana saurare. (Sau biyu mai babur yana wuce ƙofar ofishinmu da ni saboda na manta in ce ya tsaya.)

Wata Litinin likitan da ya yi alkawarin zuwa shirin ya bugo ya ce an tura shi taro. Ga Laraba tana tafe, ba ni da baƙo, ba ni da maudu'i. Na zauna da wayata ina lalube a intanet, sai na ci karo da wata kasida a wata mujallar likitoci. An yi gwajin wata ƙwayar magani da aka haɗa daga wani ganye a kan masu hawan jini, a wata ƙasa. Da na ga hoton ganyen, sai da na miƙe tsaye. A bayan gidanmu ma akwai shi. Awaki na ci. (Ba zan faɗi sunansa ba. Na riga na faɗe shi sau ɗaya, ya ishe ni.)

Kasidar doguwa ce, cike da jadawali da ƙananan rubutu. Amma a samanta akwai taƙaitaccen bayani, sakin layi ɗaya tal, kuma kun ji abin da aka koya min game da sakin layi na farko. A ciki marubutan sun ce waɗanda suka sha ƙwayar sun ba da labarin raguwar ciwon kai da samun barci mai daɗi, kuma mai yiwuwa ganyen yana da amfani ga masu hawan jini. Na fassara shi Hausa a zaune ɗaya. Da na karanta fassarar a bayyane, sai “mai yiwuwa” ɗin nan ya tsaya min a haƙori kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Ba ya zama a bakin mai karanta labarai. Na cire shi. Na sa “masana sun tabbatar”. Jimlar ta yi kyau ƙwarai.

A ƙarshen sakin layin akwai wasu haruffa uku da lambobi takwas. Ban san ko na mene ne ba. Na ɗauka irin hatimin nan ne da ake bugawa a ƙasan takardar shaida. Sai na ce a raina, wannan ai ado ne. Ranar Laraba, bayan na gama bayani, na gyara zama na ce: “Don kada wani ya ce a bakin kasuwa muka ji, ga lambar shaidar wannan bincike.” Na karanta ta harafi bayan harafi, lamba bayan lamba, da muryar da nake ajiyewa don sanarwar ganin wata. Daɗin da ta yi min ya sa na maimaita ta.

Don in yi wa kaina adalci, na ce a tuntuɓi likita kafin a yi komai. Na faɗa a daƙiƙa biyun ƙarshe, da gudu, kiɗan rufe shiri ya riga ya taso ya danne rabin maganar.

Shirin ya karɓu fiye da duk wanda na taɓa yi. Waya ta yi ta ƙara. Wata mai sayar da kayan miya ta ce min ganyen ya fara wuya a kasuwar Babura, har mutanen tsallake suna tambayarsa. Ban ji tsoro ba. Tsuntsun nan nawa na gani ya ƙara fukafukai. Bayan 'yan kwanaki ƙungiyar masu sauraronmu ta aiko da takarda: sati uku bayan shirin za su yi taronsu na shekara a Roni, ni ce babbar baƙuwa. Shugaban tasharmu ya ce a watsa taron kai tsaye. Na kai ɗinki.

A nan ya kamata in gabatar muku da Baffa. Yayan mahaifina ne, a Gwiwa yake zaune, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina har na gama makaranta. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce min. Shekara biyu kafin wannan labari ya yanke jiki ya faɗi a gona. Likita ya ce hawan jini ne, ya ɗora shi a kan ƙwaya kullum, ya kuma gaya masa a gabana cewa in ya yi wasa da ita, faɗuwa ta gaba ba lalle ya tashi da ɓarin jikinsa duka biyu ba. Baffa ya tsani ƙwayar nan. Ya yarda da rediyo fiye da likita, ya kuma yarda da ni fiye da rediyo. Duk na san wannan. A sati ukun nan ko sau ɗaya ban haɗa shi da shirina a tunani ba. Masu saurarona a mafarki ba su da fuska, ba su da hawan jini.

Ranar taron ƙarshen damina ne. Hanyar Roni ta yi kore shar, gero ya fi mutum tsayi a hagu da dama, kawunansa sun fara sunkuyawa, duwatsun can nesa kamar an wanke su. Ina gaban motar tasha, na jingina kai da gilashi, ina sauraren jawabina a zuci. A filin wata makarantar firamare aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba a inuwar darbejiya. Gonar wani ta zo har jikin katangar makarantar, gero a sama, wake na yaɗo a ƙasa.

Shugaban ƙungiyar, Malam Buba, dogon mutum ne ɗan gidan makiyaya, wanda ya ce bai taɓa kwana ba rediyo a gefen kansa ba. Shi ya gabatar da ni.

“Jama'a, yau ga muryar nan da jikinta. Da kuna cewa aljana ce a cikin akwati, to ga ta nan, tana shan ruwan leda kamar kowa.”

Aka yi dariya, aka yi tafi. Na karɓi makirfo, na sa abin ji a kunne don in riƙa jin furodusa daga tasha. Na yi jawabi na minti goma sha biyar a kan muhimmancin ilimi da bincike. (Eh, a kan bincike. Ku bar ni kawai.) Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Da aka zo lokacin jin ta bakin jama'a, sai na ga wani dattijo ya taso daga layin gaba da babbar riga fara. Baffa. Bai gaya min zai zo ba. Tun daga Gwiwa ya hau babur don ya ba ni mamaki.

“Assalamu alaikum. Wannan da kuke gani, ni na riƙe ta. Uwata ce. Ni shaida na zo bayarwa.” Ya gyara tsayuwa. “Shekara biyu ina haɗiyar ƙwayar asibiti kamar kaza. Ranar da ta yi shirin nan, na ce to alhamdu lillahi, ashe maganin yana bayan rumbu. Tun ranar ban ƙara taɓa ƙwaya ba. Ganyen nake dafawa safe da yamma. Barci kuwa, sai an tashe ni!”

Filin ya ɗauki tafi. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Zan so in ce muku nan take cikina ya ɗuri ruwa. Gaskiyar ita ce abin da na fara ji daɗi ne. Baffana, a gaban jama'a, a rediyo. Wani ɗan sanyi ya taɓa min ƙeya, amma tafin ya fi shi ƙarfi. Na buɗe baki na ce, “Allah ya ƙara lafiya, Baffa.”

Sai wata murya daga ɓangaren mata ta ce, “Malam Buba, ina da tambaya. Ba ta da tsawo.”

Gajeriyar tsohuwa ce da tabarau mai kauri da jakar hannu da ta fi ƙarfinta. Ta taho a hankali, ba ta sauri don kowa. Ta ce sunanta Falmata, daga Babura, iyayenta mutanen Barno ne, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Kowa Sista yake ce mata. Ta zaro wani littafin rubutu da aka yi wa bango da tsohuwar kalanda.

“'Yata, ni ɗalibarki ce. Tun da kika fara shirin nan, duk Laraba da birona nake zama. Ga su nan, duk na rubuta.” Ta ɗaga littafin. Na yi murmushin manya. Ta lashi yatsa ta buɗe shafi, ta karanto haruffa uku da lambobi takwas, ba ta kuskure ko ɗaya ba. “Haka kika karanta?”

“Haka ne, Hajiya. Ba ki rasa ko ɗaya ba.”

“Ai sau biyu kika faɗa, Allah ya yi miki albarka. To kin buɗe ta?”

Na ce, “Na buɗe me, Hajiya?”

“Lambar.”

Da na yi shiru a nan, da sauƙi. Amma shiru laifi ne. Na gyara murya na juya wajen jama'a, na yi mata bayani a hankali, irin bayanin da ake yi wa tsofaffi: “Hajiya, wannan lamba ce ta shaida. Kamar hatimi take. Ba abin buɗewa ba ce.”

Ta dube ni ta saman tabarau. Ba fushi a fuskarta, tausayi ne, wanda ya fi fushi ciwo.

“A'a, 'yata. Adireshi ce.”

Ta karɓi makirfo daga hannun Malam Buba. Ta ce kafin ta bar aiki, wasu masu bincike sun taɓa ɗaukar ta tana yi musu awo, a nan ta koyi abin. Duk mai son gwada magani a kan mutane, kafin ya fara, sai ya je wata rajista da ke buɗe ga kowa a intanet ya rubuta abin da zai yi: ga maganin, ga irin mutanen, ga kuma babban abin da zai auna don a san ko maganin ya yi aiki. Ana rubutawa tun farko ne don kada in an gama mutum ya canza baki. Sai a ba shi lamba. Da yawa in sun gama su kan koma can su zuba sakamakon, mai daɗi da marar daɗi.

“Na sa lambarki a wayata. Kwana biyu na yi, don idona ba shi da kirki, sabis ɗin unguwarmu ma haka. Abin da suka rubuta za su auna, shi ne ko jinin zai sauka. An raba mutane biyu, wasu aka ba su ƙwayar ganyen, wasu aka ba su ƙwayar wofi da ba komai a cikinta. Da aka gama, jinin waɗannan da na waɗancan duk ɗaya. Yana nan a rajista ɓaro-ɓaro. A mujallar kuwa, ciwon kai da barci aka sa a gaba. Maganar jinin sai ka yi nisa cikin takardar za ka same ta, a wani jadawali, ta laɓe kamar mai laifi. Akwai ma waɗanda jiri ya riƙa ɗiba, rajista ta lissafa su, mujallar ban gan su ba.”

Malam Buba ya sosa gemu. “To Sista, ƙarya suka yi ke nan?”

Ta nuna gonar da ke jikin katanga. “Malam Buba, in na ce maka a gaban shaidu gero zan shuka maka, kaka ta yi na zo maka da ƙwaryar wake mai kyau, manyan ƙwaya, na yi ta yabonsa, na yi ƙarya?”

“Waken dai wake ne.”

“To ina geron?”

Ya yi dariya. “Geron bai yi ba ke nan.”

“Geron bai yi ba, aka yi shiru a kansa. Ita kuma 'yata ta karɓi waken ta zo ta ce mana gero ne.”

Dariyar da aka yi ba ta mugunta ba ce, amma na ji ta har tafin ƙafata. A kunnena furodusa yana cewa, “Karɓi makirfo. Karɓi makirfo ki ce wani abu.” Sista kuwa ta riga ta juya min baya. Ba ni ce damuwarta ba.

“Alhaji, ranka ya daɗe, ka ce yaushe rabonka da ƙwaya?”

“Sati uku cif,” in ji Baffa, har yanzu da sauran alfahari. “Hajiya, ni ban san rajista ba, jikina na sani. Garau nake.”

“Ka yarda in auna ka?”

“Auna! Auna ki gani da idonki.” Ya zauna, ya naɗe hannun babbar riga har kafaɗa. Ta buɗe jakar nan ta zaro abin awon, tsoho, mai roba da agogo, da abin sauraren ƙirji. Ashe abin da ya sa jakar ta yi nauyi ke nan. Baffa ya yafito ni. “Uwata, kawo abin maganar nan kusa, mutanen gida su ji.”

Na karɓa daga hannun Sista na kawo. Ban san me ya sa ba. Baffa ya ce in kawo, na kawo. Na durƙusa a gefensa cikin sabon ɗinkina, na kara makirfo a jikin damtsensa.

Fus, fus, fus.

A cikin shirun nan wani abu ya same ni da har yau ban iya bayaninsa ba. Komai ya yi nisa, ya kuma fito sarai. Na ji kurciya a kan darbejiya. Na ji ganyen gero yana gogar juna. Sai na ga rediyoyin nan nawa na mafarki ɗaya bayan ɗaya, wanda ke rataye a reshe, da na bakin taga, da na kafaɗar makiyayi, amma yanzu kowanne da mutum a gefensa, kowane mutum da fuska, kuma duk fuskokin na Baffa ne. Kowanne da tukunyar ganye a kan murhu. Tsuntsuna fari ya zagaya ya zagaya, ya rasa inda zai sauka.

Iskar ta gama fita. Sista ta dubi agogon abin awon. Ta kwance, ta ɗaura a ɗaya hannun. Fus, fus, fus.

“Yi magana!” in ji furodusa. “Kusan minti ɗaya! Don Allah yi magana!”

Sai horon shekaru ya taso ya yi aikinsa ba tare da ya shawarce ni ba. Na ji muryata, cikakkiya, mai santsi, ta sanarwar ganin wata, tana cewa: “To, masu sauraro, da fatan kuna jin daɗin kasancewa tare da mu.”

Wani a baya ya tuntsire da dariya, na kusa da shi ya make shi.

Malam Buba ya sunkuyo. “Sista, nawa ne?”

“Ba na faɗin na mutum a rediyo.” Ta naɗe abinta. “Alhaji, ina sauran ƙwayar?”

“Tana gida, cikin gwangwani.”

“Gida ya yi nisa. Motar nan ta gidan rediyo ta kai ka asibitin garin nan. Yanzu, ba sai an ci abinci ba.”

Baffa ya dubi hannunsa, ya dubi Sista, sannan ya juyo gare ni. Na shirya wa faɗa. Da ya yi faɗan, da na gode. A hankali ya ce, kuma makirfo yana nan a tsakaninmu:

“Uwata, ashe ke ma ba ki buɗe ba?”

“Ban buɗe ba, Baffa.”

Wannan ita ce rana ta farko da muryata ta gida ta fita a rediyo, siririya, tana rawa, irin wadda nake neman afuwa da ita ina ƙarama in na fasa tulu. Da ita na ce duk wanda ya ajiye maganinsa saboda shirina, don girman Allah ya koma kansa yau, ya je a auna shi. Na ce laifina ne, ban karanta abin da na karanta musu ba. Na faɗa sau uku. Ba kiɗan da ya danne shi.

A asibiti aka kwantar da Baffa na 'yan sa'o'i, aka ba shi magani, aka yi masa faɗan da ni ya kamata a yi wa. Allah ya rufa asiri, bai faɗi ba. Ina zaune a benci a baranda, ɗankwalina ya karkace, sai Sista ta zo ta zauna kusa da ni. Ta ciro wayarta, rubutun ciki manya-manya kamar na allon makaranta, ta nuna min rajistar. Ga abin da aka ce za a auna. Ga ranar da aka rubuta. Ga sakamako. Sannan ta buɗe kasidar ta nuna min jadawalin da geron ya laɓe. Duk abin bai ɗauke mu minti goma ba.

“Kada ki ce duk haka suke,” in ji ta. “Da yawa in kin duba, rajista da mujalla bakinsu ɗaya. Amma ba za ki san wanne ne wanne ba sai kin duba.”

Na ce, “Hajiya, da kin kira ni gefe.”

“Na bugo tasharku sau huɗu, aka ce kina mitin. Yau ma gefe na yi niyyar kiran ki, sai dattijon nan ya tashi.” Ta mayar da wayar jaka. “Amma ki gode wa Allah. Da ba ki karanta lambar nan ba, da ban gano komai ba. Abu ɗaya da kika yi daidai a shirin nan, shi ne wanda kika yi don burga.”

Larabar da ta biyo baya na ba da shirin gaba ɗaya ga gyara. Na karanta abin da rajista ta ce, na karanta abin da mujalla ta ce, na karanta abin da ni na ce, kowanne daban, don a ji inda kowa ya ƙara nasa gishirin. Nawa ya fi yawa. Wata guda cur, duk mai babur ɗin da ya ɗauke ni a Kazaure sai ya waiwayo ya ce, “Hajiya, an buɗe kuwa?” Har mai sayar da ƙosai a ƙofar tasha, in ta miƙo min ƙunshi sai ta ce in buɗe in duba, kada ya zama wake aka ba ni. (Ƙosai ne. Wake ne mana.)

Baffa ya koma shan ƙwayarsa. A kan rediyo yake ajiye gwangwanin, wai don duk wanda ya yi masa ƙarya a cikin biyun, ɗayan na kallo. Bai ƙara tayar da maganar ba sai sau ɗaya, da na je gaishe shi da sallah. Ya ce, “Uwata, barcin nan dai gaskiya ne.” Na ce na sani, Baffa, waken wake ne.

Har yanzu ina shirin lafiya, har yanzu ina mafarki a bayan babur, sai dai tsuntsun ya rage tashi sama. Kasida in ta zo hannuna, daga ƙasa nake fara ta, in nemo lambar, in je in ga abin da aka yi alkawarin aunawa kafin in saurari abin da aka zo ana yabo. “Mai yiwuwa” kuma na bar shi a inda na same shi. Har yau ba ya zama a baki da daɗi, na dai koyi tauna shi haka nan. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: murya mai daɗi ba ta san abin da take karantawa ba, sai mai ita ta sani.

Lambar kuwa ban daina karanta ta a rediyo ba. Sau biyu, a hankali, kamar da. Sabbin ma'aikata suna ɗauka salo ne, har wata ta fara kwaikwayo. Bayan ta biyun na kan yi shiru na daƙiƙa biyar, furodusa yana cizon yatsa a bayan gilashi. Bai san cewa daidai lokacin da biro ke buƙata ke nan a Babura ba.